Sikelin batir ko na faranti biyu: wanne ake yarda da shi wajen awon zinare?

Ɗan_Hausare
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce gare ni, musamman ga maƙera da masu sayen zinare. Ina sayen ƙurar zinare a nan Garwa hannun yaran da ke zuwa daga wajen Cholire da Rai Buba. Sikelina ƙarami ne irin na aljihu mai batir, wanda ke nuna har 0.01. Kwanan nan na lura kaya ɗaya idan na auna da safe ya ba ni 12.40, bayan azahar in sake ɗorawa ya ce 12.34, wani lokaci 12.45, alhali kayan a ƙulle suke ba wanda ya taɓa. Mahaifina har ya bar kasuwa da sikelin faranti biyu yake awo, yana nan a akwati da duwatsunsa na awo. In koma masa ne? Abin da ya dame ni haƙƙin mutane. Yaron da ya kwana cikin rami ba zan so ko ƙwaya ɗaya ta kayansa ta maƙale a wuyana ba.

Baba_Maƙeri
Wa alaikumus salam ɗana. Ciro na mahaifinka ka goge shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Sikelin faranti biyu mai kaya yana kallo, kai kana kallo, allura ta tsaya a tsakiya kowa ya gani da idonsa. Na batir kuwa lamba ce kawai ta fito a gilashi, ba ka san daga inda ta fito ba, shi ma bai sani ba.

Injiniya_Marwa
Baba, Allah ya ƙara girma, an san inda lambar take fitowa. A ƙarƙashin farantin akwai ɗan guntun ƙarfe, galibi na alminiyom, an manna masa siraran wayoyi. Idan aka ɗora kaya ƙarfen yana lanƙwasa kaɗan yadda ido ba zai gani ba, wayoyin su miƙe, wutar da ke bi ta cikinsu ta sauya, na'urar ta mayar da sauyin nan lamba. To ƙarfe ai zafi na buɗa shi, sanyi na tsuke shi. Ɗan_Hausare, duba 'yar takardar da ke cikin kwalin, da yawa daga ƙananan nan an rubuta a yi aiki da su tsakanin digiri 10 zuwa 30. Kai kuma kana Garwa a watan Afrilu, inda zafi ke wuce 40, wataƙila ma ƙarƙashin rufin kwano. Ga fanka tana kaɗawa a kai. A awon 0.01 numfashinka ma yana motsa lambar. Ƙara da batir in ya fara rauni, da waya in tana kusa ana kira, da tebur in ba daidai yake ba. Kafin ka ce sikelin ya lalace, kawar da waɗannan tukuna.

Hajiya_Kusiri
Ni ba mai saye ba ce, mai sayarwa ce in buƙata ta taso. Bara na kai 'yan kunne da zobe shago biyu a rana ɗaya, dukkansu sikelin batir, bambancin ya kusa rabin giram. Na rasa wanda zan yarda da shi, na mayar da kayana jaka na koma gida. Mu mata mu ne abin ya fi shafa, don yawancinmu ba ma iya leƙa gilashin ma, ana juya shi ne wajen mai shago.

Abba_Njamena
Hajiya, rabin giram ba aikin zafi ba ne, wannan sai dai wani abu. Kuma ki riƙa cewa a juyo miki gilashin, haƙƙinki ne. Ki duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar. Sikelin nan suna da maɓallin da ke sauya ma'auni: g shi ne giram, akwai ct, akwai ozt, akwai dwt. Dwt ɗaya giram 1.555 ne. Ke nan kayan da ya kai giram 10, in an latsa aka koma dwt, 6.43 zai nuna. Na ga an yi wa wani bawan Allah haka da ya sauko daga Tibesti da 'yan kayansa, sai da wani a gefe ya yi magana.

Baba_Maƙeri
Kun ji ko? Faranti biyu ba shi da maɓallin da za a latsa.

Mai_Gyaran_Sikeli
Baba, ku yi haƙuri, ba jayayya nake da ku ba, amma aikina ke nan, kuma na faranti biyun sun fi zuwa hannuna da ciwo. Ba shi da maɓalli, gaskiya ne, sai dai yana da nasa hanyoyin ƙarya. Sandar tana hawa ne a kan wani ɗan ƙarfe mai kaifi da muke ce wa wuƙa. In wuƙar ta dakushe ko ta yi tsatsa, ko ƙurar hunturu ta taru a mazauninta, sai sandar ta riƙa nauyin motsi. Ka ƙara 'yar ƙura allura ba ta gusa ba, ka rage ba ta gusa ba. Wanda aka kawo mini kwanaki, da na buɗe sai na tarar da datti ya haɗu da man da wani ya ɗiga ya zama kamar danƙo, wuƙar kuma gefe ɗaya ya cinye har yana sheƙi. Mai shi rantsuwa yake sikelinsa bai taɓa ƙarya ba.
Sannan hannuwan sandar. In ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko da kaɗan, allura za ta tsaya tsakiya faranti ba komai, amma da an ɗora kaya awon ya karkace. Gwajin ba wuya: ka auna, sannan ka musanya, kaya su koma farantin duwatsu, duwatsu su koma na kaya. In allura ta sake tsayawa tsakiya, hannuwan lafiya suke. In ta kauce, akwai magana. Duk mai sikelin da ya ƙi a musanya, ɗauki kayanka.
Sai duwatsun kansu. Na tagulla suna cinyewa da shekaru, ƙananan kan ɓace a maye su da abin da aka samu. Akwai kuma masu ƙarancin tsoron Allah da ke da duwatsu kala biyu, na saye masu nauyi, na sayarwa marasa nauyi.

Ɗan_Rami
To bari mu da ke haƙa mu sa baki. A daji wa ke da duwatsu ma? Tsinken ashana ake sawa, a ce tsinke goma giram ɗaya. Daga Betare Oya har nan Mayo Rai haka na tarar. Tsinken wani kamfani ya fi na wani kauri, kuma mai saye shi ke zuwa da ashanarsa. In damina ce tsinken ya sha danshi. Shi ya sa da sikelin batir ya shigo mu murna muka yi. Amma akwai abin da na gani da idona, Injiniya ka fassara mini. Wani mai saye yakan ce a riƙa zuba ƙurar a hankali, kaɗan-kaɗan. Kana zubawa lambar tana nan a 0.00, sai can ta fara hawa. Ranar da na juye duka a tashi ɗaya sai ta fi.

Injiniya_Marwa
Ɗan_Rami, abin da ka gani gaskiya ne, ba idonka ba ne. An ƙera su ne yadda in suna kan sifili suka ji ɗan canji ƙanƙane a hankali, za su ɗauka zafi ne ko iska, su mayar da kansu sifili. An yi haka ne don kada lambar ta riƙa yawo. To in ka riƙa yayyafa ƙura ƙwaya-ƙwaya daga sifili, sai ya riƙa haɗiye ta. Wasu kuma in lambar ta tsaya sukan riƙe ta, ƙarin da bai kai wani abu ba ba sa nunawa. Maganin: a zuba kayan cikin ɗan kwanon awo a gefe, a ɗora a tashi ɗaya. A ɗaga, a ga ya koma 0.00, a sake ɗorawa. In sau uku sun zo ɗaya, to.

Ɗan_Rami
Allah ya saka da alheri. Wallahi yau zan tura wa yaranmu wannan.

Malam_Gidar
Ɗan_Hausare, Allah ya yi maka albarka da wannan tsoron da ka ji. Sura guda aka buɗe da "Wailun lil muɗaffifin", azaba ta tabbata ga masu tauye awo, waɗanda in za su karɓa sai sun cika, in za su bayar su rage. Mutanen Madyana ma Annabi Shu'aibu alaihis salam a kan mudu da sikeli ya yi ta yi musu gargaɗi. Ba a ce wane irin sikeli ba, an ce a tsayar da awo da adalci. Wanda ya san sikelinsa na yawo ya ci gaba da saye da shi, ba zai ce laifin batir ba ne. Kuma ku tuna awon nan har zakka ya shafa, nisabin zinare miskali 20 ne, wanda malamai da yawa a yau suke ƙiyastawa da giram 85.

Maharbin_Faro
Wannan gardamar ba ku kaɗai ba ce. A Amurka, inda doka ta bar maharba su cika kwanson harsashi da kansu, shekara da shekaru suna wannan musun. Su ma'auninsu gn ne da ke jikin sikelinku, ɗaya bai wuce giram 0.065 ba, guda 7000 ke yin fam ɗaya na nauyi. Su kuskuren awo ba kuɗi yake ci ba, bindiga ce ke fashewa a hannun mai ita. Da yawansu na batir suke aiki da shi don sauri, amma suna ajiye mai sanda a gefe suna duba shi da shi. Masu sandar nasu ma an sa musu maganaɗisu da ɗan falle na jan ƙarfe don sandar ta daina lilo da wuri.

Mai_Kula_da_Zaure
Maharbin_Faro, misalin ya isa haka, mun gode. Kada kowa ya ɗora da maganar albarushi ko yadda ake cikawa a zauren nan. Kamaru tana da dokar makamai da harsasai ta Disamba 2016, kuma kowa ya san halin da yankinmu yake ciki. A tsaya kan sikeli.

Maharbin_Faro
Na ji, Shugaba. Abin da nake nufi kawai, mutanen da ransu ke kan awon ma ba su dogara da guda ɗaya ba.

Mai_Albasa
Ku na zinare kuna maganar 0.01, mu namu kilo ne ke tafiya. Sikelin ƙugiya mai sifirin da ake rataya buhu, wannan shi ne babban maƙaryaci. Sifirin ɗin in ya gaji ya saki, ba ya komawa. A saka shi cikin maganar ma.

Mai_Gyaran_Sikeli
Mai_Albasa, dole a raba su. Ba duk wanda ba shi da batir ne ɗaya ba. Mai sifirin, ƙarfin da kaya ke jan sa yake aunawa, kamar na batir. Mai faranti biyu kuwa kaya yake gwadawa da kaya. Shi ya sa in ana yabon sikelin gargajiya nake tambaya, wanne a ciki?

Malamin_Kimiyya_Gaundare
Maganar Mai_Gyaran_Sikeli ta tuna mini abin da nake koya wa ɗalibai. Ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi ba ɗaya ba ne a ko'ina. Ya fi ƙarfi can ƙuryar arewa da kudancin duniya, ya fi rauni a tsakiyarta inda muke, bambancin ya kai kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Hawa tudu ma yana rage shi kaɗan, mu nan Gaundare mun haura mita 1000, Garwa kuwa a kwarin Binuwai take. Sikelin batir da aka saita a arewacin Turai aka kawo nan ba a sake saitawa ba, giram 100 zai iya nuna maka wajen 99.7. Na faranti biyu bai san wannan matsalar ba, don jan da ke kan kayan shi ne ke kan dutsen. A nan kam Baba_Maƙeri yana da gaskiya. Amma ku lura duniya kanta da dutse ta dogara: daga 1889 kilo na asali wani dunƙulen ƙarfe ne da aka adana a kusa da Faris, duk duwatsun awo daga gare shi suke samo asali, sai a 2019 aka sauya ma'anar kilo zuwa lissafin kimiyya. Sikelin batir ma da dutse ake saita shi. Wanda ya sayi sikeli bai sayi dutsen saiti ba, rabin kaya ya saya.

Abba_Njamena
Malam, yawancin na kasuwarmu daga Sin da Dubai suke zuwa, ba Turai ba.

Malamin_Kimiyya_Gaundare
Haka ne, kuma hakan na rage bambancin, don kudancin Sin da Dubai sun fi kusa da mu ta wannan fuskar. Amma faɗuwa da jijjigar mota daga Duwala zuwa nan fa? Saitin dai ba makawa.

Hajiya_Kusiri
Ni duk wannan lissafin ya fi ƙarfina. A faɗa mini abu ɗaya da zan yi in na shiga shago.

Mai_Gyaran_Sikeli
Hajiya, ki sami abu ɗaya naki wanda ba ya canzawa, ko zoben azurfa ne, a auna miki shi a wurin da kika amince, ki riƙe lambar a kai. Duk shagon da kika shiga ki ce a fara ɗora shi. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Zinariya_Mundu
Wani abu da ba a taɓo ba, kuma shi ya sa ni ba zan iya rabuwa da na batir ba, gwajin ruwa. Ana ɗora kofin ruwa a mayar da sikeli sifili, a ɗaure zinaren da zare a nutsar da shi ba tare da ya taɓa gindin kofi ba. Lambar da ta fito sai a raba nauyin zinaren da ita. Tsantsar zinare tana ba da wajen 19.3, jan ƙarfe 8.9 kawai. Yi wannan da faranti biyu ka ga wahala. Sai dai a nan ne ƙaramin kuskure ke zama babba. Dunƙule mai giram 10 in tsantsa ne ruwan zai nuna kusan 0.52. In sikelin ya yi yawo ya ce 0.55, lissafi ya faɗo zuwa 18.2, an rage wa mutum darajar kayansa a kan 0.03. Ko kumfar iska ɗaya ta maƙale a jikin dunƙulen ta isa. Don haka yawon da Ɗan_Hausare ya gani na 0.06 ba abin rainawa ba ne ko kaɗan.

Baba_Maƙeri
Mu da dutsen gwaji da ruwan asid muke gane zinare tun kafin a haifi batir. Amma na yarda, 'yata, gwajin ruwan yana da amfani a dunƙule.

Ɗan_Hausare
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Ga abin da na yi jiya. Na sa sabon batir, na kashe fanka, na ɗauke sikelin daga kan akwatin da nake ɗorawa na mayar kan siminti, na bar shi a kunne ɗan lokaci kafin in fara. Yawon ya ragu, yanzu tsakanin 12.39 da 12.41 yake. Na ciro na mahaifina kuma na yi musanyar da Mai_Gyaran_Sikeli ya ce, allurar ta ɗan kauce wajen dama. Dutsensa mai rubutun 10 da na ɗora a na batir, 9.93 ya nuna. To yanzu wa ke ƙarya, dutsen ko sikelin? Ina zan samu abin da zai raba gardama?

Injiniya_Marwa
Kafin ka samu dutse na gaske, ga dabara. Ruwa mililita ɗaya giram ɗaya ne kusan daidai, sirinji mai 10 ka zuƙo ruwa ka zuba a kofin da ka mayar sifili. Ko in kana da mai canji kusa, sabon kwabon yuro 1 giram 7.5 ne, na yuro 2 kuma 8.5.

Mai_Gyaran_Sikeli
Injiniya, wannan zai kama babbar ƙarya irin ta rabin giram, amma ba zai raba 9.93 da 10.00 ba. Zanen jikin sirinji bai kai wannan daidaito ba, kwabo kuma hannu na cin sa. Ɗan_Hausare, nemi duwatsun saiti na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu zuwa cikin 'yar akwati da hantsaki. Ana rubuta ajinsu a jiki, M1 ya ishe ka, F1 na ɗakin gwaji ne. Ka duba takardar sikelinka ka ga nauyin da yake nema wajen saiti, sau da yawa 100 ne ko 200, ka sayi wannan, ka haɗa da ƙanana irin 1 da 5 da 10, tunda a nan kake yawan awo. Kada ka taɓa su da yatsa, gumi na ƙara musu nauyi yana kuma ɓata su. Sannan ma'aikatar kasuwanci tana da masu duba sikeli da ma'auni, su ne doka ta ba hurumin tantancewa, ka leƙa ofishinsu na jiha. Na mahaifinka kuma kada ka yar, wuƙarsa da hannunsa suna gyaruwa.

Ɗan_Rami
Ranar da na ga mai saye ya fito da dutse ya ɗora a gabana kafin ya taɓa kayana, wallahi ko farashinsa ya ɗan yi ƙasa shi zan kai wa.

Baba_Maƙeri
Dutsen mahaifinka da ya nuna 9.93, ɗana, kar ka yi saurin ɗora masa laifi. Wanda ya ba ka lamba uku a kaya ɗaya shekaranjiya shi ne yau zai zama alƙali? A kawo duwatsun saitin a gwada su duka biyun. Kuma ku jira hunturu ya shigo. Iska ta bushe, ɗan kwanon robar nan ya riƙa kama ƙura yana janta, ka kai hannu kusa lambar ta motsa ba ka taɓa komai ba. Na gani a shagon maƙwabcina.

Injiniya_Marwa
Wannan gaskiya ne Baba, wutar da ke taruwa a jikin roba ce lokacin bushewar iska. A yi amfani da kwanon ƙarfe, a daina goge murfin robar da busasshen ƙyalle dab da awo.

Zinariya_Mundu
Ɗan_Hausare, in ka samu duwatsun ka faɗa mana nawa ka saya da inda ka samu, ko a Garwa ne ko sai an aika Duwala. Mu nan na nema a kasuwa ban ga mai aji a rubuce ba, sai waɗanda ke zuwa kyauta cikin kwalin sikeli, su kuma ban san wa ya auna su ba.

Ɗan_Hausare
In sha Allahu zan dawo da bayani. Kafin nan na dakatar da saye da rana tsaka, sai da safe, kuma ina aunawa a duka biyun a gaban mai kaya, in sun saɓa in biya a kan wanda ya fi yawa. Mai_Gyaran_Sikeli, in turo maka na mahaifina ta mota ne ko kana shigowa Garwa?